Salvia divinorum: Bunnell, Blosser da Luna iri daban-daban ne ko duk kanwar ja ce?

Auwal_Gubi

Assalamu alaikum malamaina. Ɗalibi ne ni a ajin ƙarshe, fannin tsirrai, nan Bauchi. Batun da nake son ɗauka a furojet shi ne bambancin da ake samu tsakanin shuke-shuken da ake yaɗawa ta yankan reshe, abin da muke kira kulon a aji. Cikin karance-karance na ci karo da wata shuka ta ƙasar Meziko, Salvia divinorum, mai gusar da hankali, wadda aka ce da ƙyar take yin iri, sai dai a yanki reshe a dasa. Abin da ya ɗaure min kai shi ne masu renonta suna ta kiran sunaye, Wasson-Hofmann, Blosser, Luna. Wani ya ce wannan ta fi ɗaci, wani ya ce waccan ta fi ƙarfi, wani kuma ya ce duk kanwar ja ce.

To in dai daga reshe ake samun kowace, ta wace ƙofa bambanci ke shigowa? Ta yaya mutum zai tabbatar bambancin na gado ne, ba na ƙasa da ruwa da inuwa ba? Sannan shukar za ta yi a Bauchi, ko in nemi wata in yi aikin da ita? Allah Ya saka da alheri.

Malam Sabo

Wa alaikumus salam Auwal. Ka fara riƙe abu ɗaya. Waɗannan sunayen ba sunayen iri ba ne kamar yadda muke cewa rogon TME 419, wanda masana suka tace, suka gwada a gonaki shekara da shekaru kafin a sake shi ga manoma. Yawancinsu sunan wanda ya ɗauko reshen ne, ko wurin da aka ɗauko, ko laƙabin da mai lambu ya ga dama ya raɗa. Kamar ka ce "shuwakar gidan Liman". Ka san inda ta fito, amma ba ka san ko ta bambanta da ta gidan maƙwabcinsa ba, wataƙila ma a can matar Liman ta karyo.

Shukar 'yar duwatsun ƙabilar Mazatek ce a jihar Wahaka, kudancin Meziko, cikin kwazazzabai masu inuwa da hazo, daga tsayin mita 300 zuwa 1,800. Dangi ɗaya take da na'ana'a da ɗoɗɗoya, shi ya sa karan jikinta ke da kusurwa huɗu, ganye kuma biyu-biyu suna fuskantar juna. Cikin karan rami ne, ga gautsi. Idan ta haura mita ɗaya sai ta kwanta ko ta karye, gaɓar da ta taɓa danshi ta yi saiwa, sabuwar shuka ta tashi. Da haka take yaɗuwa ko babu hannun mutum. Masanan tsirrai Carl Epling da Carlos Játiva ne suka ba ta sunan kimiyya a 1962.

Sunan farko da ka ambata ma kuskure ne da ya zauna. Masu bincike biyu, Gordon Wasson da Albert Hofmann, sun je yankin a 1962, gaskiya ne, amma abin da suka aika wa Epling busasshen samfuri ne, wanda aka danne a takarda. Busasshen ganye ba ya tsiro. Ɗanyar shukar da ta bazu a lambunan Amurka da Turai Sterling Bunnell ne ya kai ta Kalifoniya a shekarar, kuma Daniel Siebert, wani mai binciken shukar, shi ne ya bi diddigin tarihin ya warware shi a 2003. Saboda haka in ka ga Wasson-Hofmann a wani wuri, ka ga Bunnell a wani, shuka ɗaya ce mai suna biyu. Ita kuwa Blosser, Bret Blosser ne ya ɗauko ta daga yankin Mazatek a 1991, aka yi ta cewa ɗacinta bai kai na ta farko ba. Waɗannan biyun su ne mafi yawan abin da ke hannun mutane a duniya. Luna ta fi su abin kallo: Siebert ya tsince ta a Hawai a 1994 tana tsakiyar kulon Bunnell, ganyenta ya fi zagaye, bakinsa ya fi tsage-tsage. Wannan bambanci ne da ido ke gani, kuma yana bin reshe idan an dasa.

Batun iri kuma, ba wai sam ba ta yi ba ne. Kowane fure na iya ba da ƙwaya huɗu, kamar sauran danginta. Aaron Reisfield ya yi barbarar furannin da hannu, a aikinsa da ya fito a 1993, abin da ya ƙulla bai wuce kimanin kashi 3 cikin ɗari ba, kuma ya ga yawancin garin furen ba shi da rai. Shi ya sa aka daɗe ana zargin 'yar gauraye ce tsakanin jinsi biyu, kamar alfadari. Binciken ƙwayoyin gado da Aaron Jenks da abokan aikinsa suka fitar a 2011 bai goyi bayan haka ba, ya nuna 'yar uwarta mafi kusa wata ce Salvia venulosa ta ƙasar Kolombiya.

Yanzu ga amsar tambayarka ta farko. Bambancin gado na gaskiya ƙofa uku yake bi. Ko dai tun asali an ɗauko rassan daga uwaye daban, ko wata ƙwaya ta yi sa'a ta tsiro, wadda ita sabuwar halitta ce ko da uwa da uban shuka ɗaya ne, ko kuma ƙwayar gado ta sauya a ido ɗaya na reshe, reshen ya fito ɗan tawaye, aka yanke shi aka yaɗa. Na ukun nan ba tatsuniya ba ne. Lemon zaƙi mai cibiya, marar ƙwallo, daga reshe irin wannan ya samo asali a Bahiya ta ƙasar Burazil, kuma duk na duniya da aure ake yaɗa shi. Luna ko dai ta ƙofa ta biyu ta shigo ko ta uku.

Sauran abin da mutane ke kira bambanci, kaso mafi tsoka ba na gado ba ne. Akwai na muhalli. Akwai na cuta, domin bairos na bin reshe daga uwa zuwa 'ya, kamar yadda cutar kuturtar ganyen rogo ke bin sandar da aka dasa, sai ka ga tsatso guda ya tsumbure ana cewa halinsa ne. Akwai kuma na ruɗewar lamba. Reshen da ya yi shekara sittin yana yawo hannu zuwa hannu, ba takarda ba rajista, wa zai rantse sunan da ke jikin tukunyar shi ne na asali?

Dakta Rabi

Malam Sabo ya gama da tarihi. Bari in taɓa zancen "ta fi ƙarfi", don nan ne aka fi yin shaci-faɗi.

Sinadarin da ke aikin sunansa salvinorin A. Alfredo Ortega ya fara ware shi a 1982, sannan a 2002 ɗakin binciken Bryan Roth ya gano cewa makarɓar kappa yake kamawa a ƙwaƙwalwa, ɗaya daga cikin wuraren da magungunan kashe ciwo na dangin ofiyod ke kamawa. Ba alkaloyid ba ne, wato ba ya cikin sinadaran tsirrai masu ɗauke da naitirojin, wanda hakan baƙon abu ne a cikin masu gusar da hankali. Abin da ya shafi tambayarka shi ne inda shukar ke ajiye shi. Ba a cikin ruwan ganye yake ba, a cikin wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna yake a fatar ganye, galibi ta baya, irin waɗanda ke riƙe man ƙanshi a ganyen na'ana'a. Yawan jakunkunan a kowane santimita na ganye kuwa yana sauyawa da shekarun ganyen da hasken da ya samu. Ƙaramin ganye da bai gama buɗewa ba jakunkunansa a cushe suke, idan ya faɗaɗa sai su warwatsu. Ganyen inuwa faffaɗa ne siriri, na rana ƙarami ne mai kauri. Ka ga a jikin shuka ɗaya ma za ka iya samun awo biyu da suka yi hannun riga.

A 1999 John Gruber da abokan aikinsa sun auna busassun ganye daga wurare daban da HPLC, na'urar da ke ware sinadarai ta auna yawansu, suka samu daga miligiram 0.89 zuwa 3.70 a kowane giram. Ninki huɗu ke nan tsakanin na ƙasa da na sama. Mutane kan ɗauki wannan su ce ai ga hujja kulon sun bambanta. Ba hujja ba ce. Ganyen ba a lambu ɗaya suka tashi ba, ba taki ɗaya ba, ba rana ɗaya aka tsinka ba. Abin da awon ya nuna shi ne ganye sun bambanta, bai faɗi dalili ba.

Shaidar masu amfani da ita kuwa kada ta shiga furojet ɗinka ko a gefen shafi. Abin da bai kai miligiram ɗaya na sinadarin ba ya isa ya raba mutum da sanin inda yake, ya miƙe yana tangaɗi bai san ya miƙe ba, a nan ake faɗuwa a ji ciwo. Wanda ke cikin wannan hali ba sikeli ba ne. Haka zancen ɗacin Blosser: ɗanɗanon mutum ɗaya, wanda ya riga ya san sunan abin da yake taunawa, ba awo ba ne. Kuma ɗaci da ƙarfi ba lallai su tafi tare ba, ganye na ɗauke da sinadarai da dama.

Misali na kusa da kai rogo ne. Mai ɗaci da mai zaƙi bambancinsu na gado ne, babu musu. Amma rogo iri ɗaya, shekarar da aka yi fari gubar sayanayid ɗinsa kan ƙaru. Gado na sa iyaka, muhalli na yawo da awon a cikin iyakar. Aikinka shi ne raba su.

Ta fuskar doka, Ostireliya ta hana ta tun 2002, Birtaniya ta haɗa da ita ƙarƙashin dokarta ta 2016, jihohi da dama a Amurka ma sun hana. A nan gida, kowace ɗanyar shuka za ka shigo da ita sai da izinin NAQS, hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasa, da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito, kafin ma a zo ga tambayar da jami'an NDLEA za su yi maka. Ɗana, ka yi bitar Salvia a babi na biyu, gwajin kuma ka yi da wata.

Baba Ɗanjuma, Dadin Kowa

Ko an ba ka ita kyauta da takardunta, Bauchi ba gidanta ba ce. Shukar hazo ce, tana son sanyi-sanyi da iska mai laima. Hunturu zai ƙone mata bakin ganye cikin kwanaki, domin laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, sannan jan gizon ganye ya sauka, shi da ma bushewa yake jira. Ta tsira daga wannan, Maris da Afrilu na nan da digiri 38 zuwa 40. Ganyenta manya ne marasa kauri, suna zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke ja, sai ta yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take. Mai ita ya ga yaushi ya ƙara ruwa, karan nan mai rami ya ruɓe daga gindi. Abin da za ka ƙare da aunawa shi ne wadda ta fi jinkirin mutuwa.

Ka ɗauki shuwaka. Da reshe ake yaɗa ta, kusan kowace unguwa akwai, mata kuma sun daɗe suna cewa ta gidan wance ta fi ɗaci. Tambayarka ke nan, a bakin ƙofa.

Ka nemi uwa huɗu daga wurare masu nisa da juna, a ce Yelwa, Dass, Toro da nan Dadin Kowa. Kowace ka tambayi masu ita daga ina aka samo. Shuwaka tana yin iri kuma yana tsirowa, don haka wata tsiron ƙwaya ce, wata dashe. Ka rubuta. Daga kowane wuri jikin bishiya ɗaya tak za ka yanka. In ka haɗa bishiya biyu na gida ɗaya ka kira su kulon ɗaya, aikin ya lalace tun ba a fara ba.

Da sassafe ake yanka. Reshe mai kaurin fensir, wanda ya fara yin toka-toka amma bai zama busasshen ice ba, tsawon santimita 20 zuwa 25, da ido uku zuwa huɗu. Duk daga tsakiyar reshe, kada na Toro ya zama kan reshe na Dass ya zama gindi, domin danyen kai da tsohon gindi ba sa yin saiwa da sauri ɗaya. Ƙasan ka yanka a karkace dab da ƙarƙashin ido, saman ka yanka a miƙe. Ba don ado ba ne. Idan ka tsige ganye sanda ba ta da kai ba ta da gindi a ido, kuma wadda aka dasa a kife ba ta yin abin kirki. Tsakanin uwa da uwa ka tsoma almakashin a ruwan bilic, kashi ɗaya cikin ruwa kashi tara, ka goge. Ka naɗe sandunan a jiƙaƙƙen buhun algarara, a dasa a ranar.

Ƙasar leda: ƙasar sama kwano biyu, yashin rafi kwano ɗaya, ruɓaɓɓen taki kwano ɗaya. Ka haɗa ta gaba ɗaya a tsibi guda, ka juya da shebur sau uku, sannan ka cika ledoji. Wanda ya haɗa rabi yau rabi gobe ya riga ya ƙirƙiro bambancin da zai zo yana murna ya gano. Takin da bai ruɓe ba zafi gare shi, yana ƙone sabuwar saiwa, kuma yana kiran gara. Ledar baƙa mai cin kilo uku, huda shida zuwa takwas a ƙasa. Ido biyu a cikin ƙasa, sauran a waje. Rumfa mai tare rabin rana, ta koren raga ko zana mai shara-shara, da shinge saboda awaki. Ka ɗora ledojin a kan shimfiɗar leda ko bulo, in ba haka ba saiwar wasu za ta huda ta shiga ƙasa, su yi ta girma kamar an yi musu allura, ka ce gado ne.

Ruwa da gwangwani ɗaya, awo ɗaya ga kowace leda. Ga inda ɗalibai ke faɗawa: cikin mako ɗaya zuwa biyu sandar za ta fito da 'yan ganye kore shar, a ɗauka ta kama. Ba ta kama ba, abincin da ke cikin sandar take ci. Saiwa sai mako uku zuwa huɗu. A tsakanin nan idan ruwa ya yi yawa, wata safiya za ka tarar ganyen sun langaɓe, ka ja sandar ta fito salin-alin, gindin baƙi, ɓawon na saluɓewa a yatsa, da ɗan wari, babu saiwa ko ɗaya. Ka tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ka bar ta sai gobe.

Lamba kuma kada ka yarda da tawadar alƙalamin maka. Ranar Bauchi na shanye ta cikin wata guda, a bar ka da ledoji tamanin marasa suna. Ka yanka gwangwanin lemo, ka karce lambar da ƙusa, ka ɗaura ɗaya a sanda, ka binne ɗaya a cikin ledar. Yadda sunayen Salvia suka cakuɗe a hannun masu lambu, haka naka zai cakuɗe.

Babban abin shi ne kada ka auna wannan dashen na farko. Sandar da ta fito daga bishiyar da ke bakin rariya tana shan ruwan wanke-wanke ta zo da guzuri, ta Dass da ke kan tsakuwa ta zo da yunwa. Wannan bambancin na uwa ne, yana bin 'ya har wani lokaci. Ka rene su wuri ɗaya wata uku, ka sake yanka daga jikinsu, dashe na biyu shi ne na awo.

Auwal_Gubi

Na gode ƙwarai, Malam, Dakta, Baba, Allah Ya ƙara girma. Na haƙura da Salvia a gwaji. Damuwata lokaci ne. Wata biyar gare ni kafin a karɓi aiki, dashe biyu na shuwaka zai cinye shi duka. Sannan leda nawa ya kamata, kuma ɗacin da me zan auna shi tunda kuɗin HPLC ya fi ƙarfina?

Malama Jummai

Da izinin Baba, a wata biyar ni na'ana'a zan ce. Tana saiwa cikin kwana bakwai zuwa goma, bayan mako biyar ko shida ka sake yanka, ya rage maka wata uku cur na awo. Kuma ita ce 'yar uwar Salvia ta jini: dangi ɗaya, kara mai kusurwa huɗu, jakunkunan nan da Dakta ta faɗa su ne dai a bayan ganyenta, har kana iya ƙirga su. Ka shafa man farce marar launi a bayan ganye, ya bushe, ka ɗago shi da farin salatif, ka manna a gilashi ka duba a madubin ƙara girma na ɗakin gwaji, wato maikuroskof. Illarta biyu. Na'ana'ar kasuwa ba duka jinsi ɗaya ba ce, wadda ka sayo a Muda Lawal da wadda aka kawo daga Jos suna iya zama jinsi biyu, ba kulon biyu ba, don haka a kai samfuri ma'ajiyar busassun tsirrai a tantance kafin ka rubuta komai. Ta biyu, tana miƙa 'ya'ya ta ƙasa ta tsallaka tukunyar maƙwabciya ta yi saiwa. Ka bar rabin mita tsakani, kana datse masu yawo duk mako.

Lissafin ledoji ɗaya ne ko wacce ka zaɓa. Kulon huɗu, rukuni huɗu, kowane kulon leda biyar a kowane rukuni, tamanin ke nan. Ka dasa 120 saboda asara da kuma layin gefe da ba a aunawa. Rukunin ka jera shi bisa abin da ka san ya bambanta a rumfar: in rana ta fi bugun yamma, rukuni ɗaya ya zama na yamma gaba ɗaya, da duk kulon huɗun a cikinsa. Wurin kowane kulon a cikin rukuni da ƙuri'a za a fitar, takarda huɗu a hula, a sake jefawa ga kowane rukuni. Kada ka jera su yadda zai yi maka sauƙin tunawa.

Kuskuren da ya fi kashe irin wannan aiki a gaban masu jarrabawa shi ne ɗalibi ya tsinki ganye goma a shuka ɗaya ya ce maimaici goma ne. Ba goma ba ne. Maimaicinka huɗu ne, adadin rukunanka, ledoji biyar ɗin matsakaicinsu za ka ɗauka. Ganyen awo kuma matsayi ɗaya a kowace shuka, a ce na huɗu daga sama wanda ya gama buɗewa. Tsawo, faɗi, tsawo raba faɗi, yawan haƙoran bakin ganye, tazarar gaɓa. Hoton ganye kusa da rula da manhajar ImageJ, wadda kyauta ce, sun isa su ba ka faɗin filin ganyen. Siffa ta fi girma amana: girma na bin taki, tsawo raba faɗi bai cika bi ba. Da irin wannan awon ne za a iya cewa Luna daban take ba tare da kowa ya tauna komai ba.

Ɗaci, in shuwakar ce, akwai gwajin kofi uku. Kofi biyu daga kulon ɗaya, na uku daga wani, mai ɗanɗano ya nuna bare. Mai cinta kawai yana da sa'a ɗaya cikin uku. In mutum 24 ne, sai 13 sun dace kafin ka ce akwai bambanci a matakin kashi 5, wato yiwuwar a dace haka da sa'a kawai ba ta kai kashi 5 cikin ɗari ba. Lambobin kofi masu alƙaluma uku, wanda ke miƙa kofin kada ya san sirrin, a kurkure baki tsakani, a tofar ba a haɗiye ba. Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'a na makaranta tukuna, kuma ban da masu juna biyu da masu shan maganin ciwon suga.

Baba Ɗanjuma, Dadin Kowa

Malama ta yi gaskiya a lissafin lokaci, ban ja ba. Sai dai ka duba watan da awon zai faɗa. In ya faɗa bazara, na'ana'a a leda baƙa tana dahuwa, ƙasar ciki kan yi zafin da ba ka iya barin yatsa. Ka sa ta a tukunyar ƙasa, ko ka naɗe ledar da farin buhu, ban-ruwa safe da yamma. Shuwaka ba ruwanta da wannan.

In kuma zuciyarka na kan shuwakar, akwai dabara ta rage asara. Ka yi dashe ɗaya, amma kafin dasawa ka auna kauri da nauyin kowace sanda ka rubuta, ka zubar da masu kauri sosai da sirara sosai, Malama ta nuna maka yadda ake cire tasirin nauyin farko a lissafi. Bayan mako shida ka datse duka a tsayi ɗaya, santimita 15 daga ƙasa, ka auna sabon tohon kawai. Bai kai dashe biyu tsabta ba, kuma ka faɗi haka a rubutunka.

Dakta Rabi

Ƙari kan busarwa, don nan ma ana ɓata samfuri. Ganyen da za ka auna nauyinsa busasshe, oban a digiri 70, awa 48, ka auna, ka mayar awa biyu ka sake aunawa har nauyin ya tsaya. Wanda za a ɗanɗana ko a nemi ƙanshinsa kada ya ga wannan zafin, man na'ana'a tashi yake yi. Shi a inuwa, a kan raga, ko oban da bai wuce digiri 40 ba. Duk kulon huɗun a tsinka safiya ɗaya, cikin awa ɗaya, rukuni bayan rukuni, ba kulon bayan kulon ba. A ambulan takarda za ka zuba, ba leda ba, leda na sa gumi ganyen ya yi baƙi kafin ka isa ɗakin gwaji. Jiƙon shuwaka na gwajin kofi kuwa ka fara da giram ɗaya na gari a ruwan zafi lita ɗaya, minti biyar, ka tace. In ya yi kauri, kofin farko zai kashe harshe, sauran biyun duk ɗaya za a ji su.